Gizagon Ƙwanso da Gatarin Aradu: Kayan Aikin Mutanen Tsibirai da Darasinsu ga Nazarin Tarihin Ƙasar Pauwa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1836 wani masani ɗan ƙasar Danmak, mai suna Christian Thomsen, ya bayyana wani tsari na karkasa kayayyakin mutanen da waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na ƙasarsu. Ya kasa su gida uku bisa ga abin da aka yi makamai da kayan yanka da shi, watau dutse da tagulla da baƙin ƙarfe, ya kuma nuna cewa a arewacin Turai waɗannan abubuwa sun biyo juna ne ɗaya bayan ɗaya. Daga nan aka sami Zamanin Dutse da Zamanin Tagulla da Zamanin Ƙarfe. Tsarin ya yi amfani a wurin da aka yi shi dominsa. Amma da tafiya ta yi nisa sai aka mayar da shi tsani na auna ci gaban kowace al'umma ta duniya, har ya zamana duk mutanen da aka tarar ba su ƙira, sai a ce su ne na can ƙasan tsani.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa abin da mutane suka yi kayan aikinsu da shi ya fi ba da labarin ƙasar da suka zauna da hulɗarsu da maƙwabta, fiye da matsayin hankalinsu. Za a kafa hujja da kayan aikin da mutanen tsibirai suka yi da ƙwanson halittun teku tun kafin a fara rubuta tarihi. Sa'an nan a dawo gida, a dubi ƙasar Pauwa, watau yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, domin a ga matsayin da ƙwanso ya samu a ƙasar da ke da dutse da ƙarfe, wadda kuma ke nesa da teku da fiye da kilomita 600.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Abin da ake nufi da ƙwanso a nan shi ne ɓawo mai tauri wanda wasu halittu marasa ƙashi suke zaune a cikinsa. Bahaushe ya san iri uku daga cikinsu. Akwai katantanwa, watau gidan dodon koɗi, mai murɗe. Akwai makankari, mai marfi biyu, wanda ake samu a koguna da tafkuna. Sai kuma wuri, wanda shi kaɗai ne daga cikinsu ya fito daga teku. Dukkansu sinadarinsu ɗaya ne da na dutsen da ake yin siminti da shi. Wannan ya sa ƙwanso yake da tauri, yana kuma wasuwa idan an goga shi a kan dutse, amma ƙasa mai tsami tana cinye shi idan ya daɗe a binne. Wannan batu na ƙarshe za a sake komowa gare shi a gaba.

3.0 Ƙwanso a Hannun Mutanen Tsibirai

3.1 Daɗewar Sana'ar

Shaida mafi daɗewa ta fito ne daga Tirinil, a tsibirin Jawa na Indunusiya, inda Eugène Dubois ya yi tono tun daga 1891. Da aka sake duba tarkacen da ya kwaso, sai aka bayyana a 2014 cewa akwai wani makankarin ruwan daɗi wanda aka gyara bakinsa domin yanka ko kankara, da wani kuma mai zane a bayansa. An ƙiyasta shekarunsu tsakanin 430,000 da 540,000.

Idan aka matso kusa, a kogon Golo da ke tsibirin Gebe, shi ma a Indunusiya, an sami ƙwanson wani babban dodon koɗi na teku wanda aka fasa da gangan aka fitar da ɓarɓashi masu kaifi, kamar dai yadda ake yi wa dutse. Waɗannan sun kai shekara 28,000 zuwa 32,000. A Jerimalai, cikin tsibirin Timo, an ba da rahoto a 2011 na wata ƙugiyar kamun kifi ta ƙwanso mai shekara tsakanin 16,000 da 23,000. A wannan wuri kuma an tarar da ƙasusuwan manyan kifayen teku waɗanda suka kai shekara 42,000. Har ila yau a 2016 an bayyana wasu ƙugiyoyin daga kogon Sakitari na tsibirin Okinawa a Japan, masu shekara kimanin 23,000. Ke nan tun kafin a fara noma a ko'ina cikin duniya, mutanen tsibirai sun iya zaɓen ƙwanso, su yanka shi, su goge shi, su fitar masa da siffa daidai da bakin kifin da suke nema.

3.2 Gizagon Ƙwanso

Babban abin da ya fi jawo hankali cikin waɗannan kayayyaki shi ne gizago. A tekun Fasifik akwai wani irin makankari ƙato wanda masana suke kira Tridacna. Mafi girmansa yakan wuce mita ɗaya a tsawo, nauyinsa kuma ya haura kilo 200. Wajen mahaɗar marafansa biyu yana da kauri ƙwarai. Masassaƙa sukan fasa wannan sashe, su daidaita shi da guduma ta dutse ko ta wani ƙwanson, sa'an nan su yi ta goga shi da ruwa da rairayi har baki ya fito, kana su ɗaure shi a ƙota da igiyar ɓawon kwakwa. Da irin wannan gizago aka sassaƙa jiragen ruwa da ginshiƙan ɗakuna da akusa a ƙananan tsibiran Maikuronesiya.

Haka abin yake a can ɗaya gefen duniya, a tsibiran Karebiyan. Mafi yawan tsibirin Barbados dutsen murjani ne mai laushi, wanda ba ya yin baki. Saboda haka mutanen da suka zauna a cikinsa kafin zuwan Turawa suka koma ga leɓen wata babbar katantanwar teku, suka yi gizago da gatura da ita, har ya zamana su ne aka fi tsinta a tsofaffin mazaunansu. Babu wata hulɗa tsakanin waɗannan mutane da na Fasifik. Bukata iri ɗaya ce, da ƙasa iri ɗaya, suka kai su ga dabara iri ɗaya.

3.3 Dalilin Zaɓen Ƙwanso

Dalili na farko a fili yake. Tsibirin da murjani ya gina ba shi da dutse mai tauri ko kaɗan, kuma ba shi da tama. Wanda yake zaune a kansa, ko da ya fi kowa hikima, ba zai narka ƙarfe ba, domin babu abin narkawa. Amma wannan dalili bai wadatar ba. Tsibirin Tikofiya, a gabashin tsibiran Sulaiman, dutse ne mai aman wuta ya kafa shi, watau akwai dutse a cikinsa. Duk da haka binciken da Patrick Kirch da Douglas Yen suka buga a 1982 ya nuna gizagon ƙwanso masu yawa a mazaunansa na da. Wannan ya nuna cewa ƙwanso ya wuce matsayin abin maleji da ake ɗauka don babu. Sana'a ce mai gado da ƙa'idoji, wadda mutane suka riƙe ko a inda suke da zaɓi.

To, a wane mataki na tsanin Thomsen za a ajiye waɗannan mutane? Ba su da ƙarfe, wasunsu ko dutse ba su da shi, alhali kuwa da jiragen da suka sassaƙa ne suka ƙetare dubban kilomitoci na teku, suna bin taurari da igiyar ruwa, ƙarnuka da dama kafin jiragen Turai su shiga tekun Fasifik a ƙarni na 16.

4.0 Misali Daga Gida: Daima

Kada a ɗauka cewa sai an je tsakiyar teku za a ga irin wannan hali. A ƙasar Barno, kudu da tafkin Cadi, akwai fili mai baƙar laka wanda ake kira firki. Da damina ruwa yakan malale shi, garuruwa su zama tamkar tsibirai, kuma babu dutse a cikinsa. A 1965 da 1966 Graham Connah ya tona tudun Daima a wannan fili. A can ƙarƙashin tudun, wajen mutanen da suka zauna kafin zuwan ƙarfe, ya tarar da kayan aiki da yawa na ƙashi, har da masun kamun kifi masu ƙayoyi. 'Yan duwatsun da aka samu kuwa, na niƙa da na gatari, daga nesa aka ɗauko su. Mutumin Daima ya yi da ƙashi abin da mutumin Barbados ya yi da ƙwanso. Bugu da ƙari, duwatsun nan baƙi sun zama shaidar fatauci, domin abin da ƙasa ba ta da shi, idan aka gan shi a cikinta, to wani ne ya kawo shi. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin abin da za a faɗa game da Pauwa.

5.0 Ƙasar Pauwa: Dutse da Ƙarfe da Makankari

Pauwa tsohon suna ne a tarihin kudu maso yammacin Katsina, kuma sarautar Sarkin Pauwa ita ce ta hakimin Ƙanƙara. Ƙasa ce ta tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda suke tasowa jefi-jefi a tsakiyar gonaki da dazuzzuka, tana kuma samun ruwan sama fiye da arewacin Katsina. An san Ƙanƙara da farar ƙasa mai kyau. Ta yamma yankin ya yi iyaka da Zamfara, inda 'Yandoto da Kwatarkwashi suke, ta kudu kuma ya yi iyaka da ƙasar Birnin Gwari. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya dage a kan cewa sai an fahimci yanayin kowace ƙasa da sana'o'in mutanenta kafin a fahimci siyasarta. Wannan hanya ce ake bi a nan.

Mazaunin irin wannan ƙasa bai da dalilin yin gatari da ƙwanso. Dutsen niƙa da magurji da mawashi duk suna bayan gida. Gogaggun gatura na dutse, waɗanda manoma sukan tsinta a gonaki a sassan ƙasar Hausa, su ne ake kira gatarin aradu, saboda an ɗauka tsawa ce take jefo su, har bokaye suna ajiye su cikin kayan magani. A gaskiya kuwa aikin hannun mutanen da ne. Idan aka jera gatarin aradu da gizagon ƙwanso na Fasifik za a ga kamannin ya yi yawa: fasawa, daidaitawa, gogewa da rairayi, sa'an nan ɗaurawa a ƙota. Dabarar ɗaya ce, abin aikin ne ya bambanta.

Daga baya ƙarfe ya shigo. A Taruga, cikin yankin al'adar Nok, an narka tama tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, a gindin Dala kuma, a Kano, an sami shaidar narka ta wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara an tashi ne daga dutse zuwa ƙarfe, ba a bi ta wani Zamanin Tagulla ba. Ke nan tsanin nan bai dace da ƙasarmu ba, kamar yadda bai dace da tsibirai ba.

Duk da samuwar dutse da ƙarfe, ƙwanso bai rasa gurbi a gidan Bahaushe ba, kuma harshe ya adana shaidar haka. Kalmar makankari an gina ta ne daga aikatau kankare, bisa tsarin da aka gina mabuɗi daga buɗe da maɗauri daga ɗaure. Watau Bahaushe ya raɗa wa wannan ƙwanso suna ne da aikin da yake yi da shi, alal misali kankare zufa daga jikin doki bayan sukuwa. Katantanwa kuwa ta zama abin wasan yara, suna murza ta tana juyi a ƙasa. A taƙaice, inda mutumin tsibiri ya ɗora wa ƙwanso babban aiki na sara da sassaƙa, mutumin Pauwa ya bar masa ƙaramin aiki wanda ba ya son kaifin ƙarfe.

6.0 Wuri: Ƙwanson Tsibiri a Kasuwar Bahaushe

Akwai ƙwanso ɗaya na teku wanda ya ratso har cikin ƙasar Hausa, ya zauna daram, shi ne wuri. Asalin mafi shahararsa tsibiran Maldib ne na tekun Indiya, waɗanda su ma murjani ne ya gina su. A da mutanen wurin sukan tara shi daga ruwa marar zurfi, su binne shi har naman ya ruɓe, sa'an nan su wanke su sayar. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Maldib wajen 1343 zuwa 1344, ya ce ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya a can. Da ya zo Mali da Gawo a 1352 zuwa 1353 sai ya tarar ana ba da 1,150 a kan dinari. Wannan rata ita ce ribar fatake, kuma ita ta sa aka ɗauki wahalar ratsa teku da hamada da shi. A 1964 Théodore Monod ya tarar da kayan wani ayari da aka binne a Ma'adin Ijafen, cikin hamadar Muritaniya, sandunan farin ƙarfe fiye da 2,000 tare da tarin wuri, waɗanda aka danganta su da ƙarni na 11 ko na 12.

A ƙasar Katsina kanta, kaburburan manya na Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907 aka kuma sake tona wasu a 1992, sun fitar da wuri tare da duwatsun ado da kayan ƙarfe. Tsofaffin cikinsu sun kai wajen ƙarni na 14. A wannan lokaci wuri abin ado ne da alamar daraja. Zamansa kuɗin kasuwa ya zo daga baya. Tarihin Sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Masana da dama suna ganin wannan sabon kwararo ta kudu ya biyo, daga bakin teku inda jiragen Turawa suke sauke shi domin sayen bayi, ya hauro ta ƙasashen Yarbawa da Nufe. Duk wanda ya dubi taswira zai ga cewa Pauwa tana tsakanin Birnin Katsina da waɗannan ƙasashe na kudu maso yamma.

Yadda wuri ya shiga jinin Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Akan ƙirga shi biyar-biyar, ba a shirya shi a zare ba, kuma 20,000 su ne keso ɗaya. Barth ya ba da labarin wahalar ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a 1851, ya kuma ce a Kano ana canza riyal ɗaya a kan 2,500. Daga 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani wuri mai araha daga Zanzibar, mai zoben rawaya a bayansa, wanda yawansa ya karya darajar kuɗin. A 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da shi. Bayan haka wuri ya koma inda ya faro, watau ado da tsafi: a kitso, a jikin layu da kayan 'yan bori da na mafarauta, a hannun masu duba da 'yan caca.

7.0 Abubuwan Lura Ga Mai Bincike

Daga abin da ya gabata, mai binciken kufai da kogunan dutse na ƙasar Pauwa yana da abubuwa huɗu da ya kamata ya kiyaye.

Na farko, kada ya zubar da ƙwanso a matsayin shara. Makankarin da aka yi aiki da shi bakinsa yakan lashe ta gefe ɗaya, ya yi santsi, kuma madubin ƙara girma yakan nuna haka. Da irin wannan duba ne aka gane kayan Tirinil bayan sun shafe fiye da ƙarni ɗaya a ajiye.

Na biyu, ya san inda zai nema. Ƙasar da ta samu daga ruɓewar irin duwatsun Pauwa takan kasance mai ɗan tsami, tana cin ƙwanso da ƙashi. An fi sa ran samun su a tsohon juji mai toka, da cikin tukwane, da ƙarƙashin inuwar duwatsu inda ruwa ba ya kwanciya. Dole kuma a tankaɗe ƙasar da aka tono da rariya mai ƙananan ido.

Na uku, ya rarrabe irin wurin da ya samu, na Maldib ne ko mai zobe, an fasa bayansa domin ɗinki ko an bar shi yadda yake. Yawan mai zobe yakan yi nuni ga ƙarni na 19, ko da yake nazarin Anne Haour da Annalisa Christie na 2019 ya yi kashedin cewa wannan iri ya iso wasu wurare na Afirka ta Yamma tun kafin lokacin. Saboda haka sai a haɗa da shaidar tukwane da gawayin da ke tare da shi.

Na huɗu, ya yi hattara da awon shekaru. Awon kabon 14 a jikin ƙwanson teku yakan ba da shekaru fiye da na gaskiya da kimanin 400, saboda tsufan kabon na ruwan teku. Ban da haka, abin da awon yake nunawa shi ne lokacin mutuwar halittar a Maldib, wanda yana iya gabatar isowarta Pauwa da shekaru masu yawa.

Wannan aiki ba na jira ba ne. A shekarun 1990 masu haƙar sata sun yi wa wuraren tarihi na yankin Kwatarkwashi ɓarna suna neman gumakan yumɓu na sayarwa ƙasashen waje, kuma irin wannan haƙa tana birkita duk ƙananan abubuwan da ke ba da shekaru. Rashin tsaron da ya addabi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tun daga shekarun 2010 ya tayar da ƙauyuka, ya warwatsa dattawan da suka san sunayen kufai da na kayan sana'a. Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sassan tarihi da na Hausa na jami'o'inmu, su fara da abin da ke yiwuwa ko a cikin gari, watau ɗaukar bayanin waɗannan dattawa da rubuta bayanin duk wani gatarin aradu ko tulun wuri da ke hannun jama'a, tare da sunan wurin da aka same shi.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa mutanen tsibirai sun yi ƙugiya da gizago da ƙwanson teku tun dubban shekaru, wani lokaci don rashin dutse, wani lokaci kuma don zaɓi. An nuna cewa mutanen Daima sun bi irin wannan hanya da ƙashi. An kuma nuna cewa a ƙasar dutse da ƙarfe kamar Pauwa, ƙwanson kogi ya tsaya a matsayin makankari, na teku kuwa ya shigo a matsayin ado da kuɗi. Saboda haka tambayar da ta dace da mai nazarin kayan mutanen da ita ce: me ƙasarsu ta ba su, me kuma suka nemo daga waje, ta hannun wa? Wuri ɗaya da aka tono a mazauninsa a wani kufai na Faskari ko Sabuwa, aka kuma tabbatar da shekarun ƙasar da ke kewaye da shi, zai faɗi lokacin da wannan yanki ya haɗu da hanyar cinikin da ta faro daga tsibiran tekun Indiya. Ana fata manazarta za su mayar da hankali ga wannan fage tun kafin shaidar ta salwanta.